Ganau Mai Aski da Kunnen Jarumi

Shagon Ganau taku huɗu ne a tsaye, uku a kwance, amma shari'ar da aka yanke a cikinsa ta fi ta wasu kotunan yawa. Kujerar aski ɗaya ce, irin mai juyawar nan, sai dai ta daina juyawa tun shekarar da aka zuba wa titin kwalta. Gabanta babban madubi ne da ya fara baƙi ta gefe-gefe. Talabijin kuwa tana bangon baya, can sama kusa da silin, inda hannun masu son canza tasha ba ya kaiwa. A gefe akwai benci mai ɗaukar mutum biyar, ko huɗu idan ƙaton nan da ake kira Direba na ciki.

Sunan Ganau ya samo asali ne daga bakinsa. Ba ka isa ka kawo labarin wani fim a gabansa ba sai ya ɗaga almakashi ya ce shi ganau ne, ba jiyau ba. Tun ana tsokanarsa da shi har sunansa na yanka ya ɓace, matarsa ma idan ranta ya ɓaci da wannan sunan take kiransa. Yana ɗan shekara goma sha tara ya fara aski, bayan ya gwada kanikanci ya gane ba a jin daɗin hira a ƙarƙashin mota. A aski kuwa Allah ya haɗa shi da abin da yake so: mutum a zaune, an ɗaure shi da ƙyalle a wuya, ba halin tashi sai an gama. Shekara talatin da huɗu ke nan yana yi wa kawunan unguwa gyara ta waje, yana kuma ƙoƙarin yi musu ta ciki. Ya aurar da 'ya'ya biyu, saura biyu. Matarsa takan ce ta auri mutumin da ya san ranar da kowane fim ya fito amma bai san shekarun autansa ba.

Aminin Ganau ɗaya ne tal a duniya, wato Tela, wanda shagonsa ke bayan gidan mai. A layin sayen tikitin silima suka haɗu suna samari, kuma da faɗa suka fara, a kan wa ya riga wa zuwa. Daga ranar kowace Asabar da yamma suna tare a kujerun tsakiya, su fito suna musu har mararraba. Da aka mayar da gidan silimar wurin ajiye katifu, sai musun ya dawo shagon aski. Duk Asabar Tela zai zo, ko da gashi ko babu, ya hau kujera, ya rufe ido, ya ce wani abu da ya san zai tayar wa Ganau da hankali. Ba su taɓa yarda da juna a kan fim ko ɗaya ba, kuma ba su taɓa kwana da fushin juna ba.

To, akwai wani fim da suka kalla tun suna da ƙarfinsu, wanda unguwar ke kira Na Ɗaya kawai. Labarin wani matuƙin kwalekwale ne da ya tafi neman garin da kogi ya haɗiye. Ya tsallake gadar igiya tana cin wuta, ya yi dambe da mutum tara a kan rufin jirgin ƙasa, sannan a ƙarshe kada ya gutsure masa saman kunne kafin ya shaƙe shi da hannu. Sau goma sha ɗaya Ganau ya shiga silima dominsa. Ranar da aka rufe gidan, shi ya roƙi mai gadi ya ba shi hoton tallar fim ɗin, ya zo ya manna shi a jikin bango daf da madubi. Jarumin na nan yana harare-harare da guntun kunnensa, rana ta cinye launin rigarsa.

Bayan shekara ashirin da shida sai ga Na Biyu ya fito, gari ya dare gida biyu, amma gida ɗaya ya fi ɗaya girma nesa ba kusa ba. Mutane sun je ganin jarumi sai suka tarar da dattijo mai tumbi, yana riƙe gwiwa in zai shiga kwalekwale. Rabin fim ɗin neman tsohon abokin tafiyarsa yake yi. Da ya kai garin da ya ɓata shekaru yana nema, sai ya zauna a kan wani dutse ya yi ta kallo, ya tashi ya dawo gida bai ɗauko ko cokali ba. Masu sharhi a rediyo suka ce an ci amanar masu kallo. Matasa a waya suka ce maganin rashin barci ne. Mai Faci, wanda rumfarsa ke kallon shagon Ganau, ya ce shi da ya san haka ne da ya tsaya gida ya kalli surukinsa, don shi ma haka yake riƙe gwiwa.

Ganau ya sayi faifan, ya saka, kuma daga ranar talabijin ɗin shagon ba ta sake nuna labarai ba. Ya ɗaura ɗamarar kare fim ɗin kamar shi ya haife shi. In ka ce ba faɗa a ciki, ya ce kai ma yaushe rabonka da dambe a kan jirgin ƙasa. In ka ce dattijon ya cika zama, ya ce zaman nan da kake gani ya fi gudun wasu ma'ana. Da Direba ya kawo labarin cewa a manyan birane ma kujeru babu kowa ake nuna shi, sai Ganau ya ce ai dama masu hankali ba su taɓa cika ɗaki ba, magani kuma bai taɓa yin kasuwar alewa ba. Har annabci ya yi, wai nan da shekara goma duk masu zagin nan za su rantse cewa tun farko sun san fim ne na gaske. Mutum zai shigo a rage masa gemu ya fita da darasin awa guda a kan dalilin da ya sa jarumi bai ɗauko cokali ba.

Gaskiyar da bai faɗa wa kowa ba ita ce, fim ɗin ya taɓa shi a inda ba ya so a gani. Shi ma yanzu sai ya dafa kujera yake miƙewa in ya sunkuya ɗaukar mataji. Ranar da ya fara ganin dattijon nan zaune a kan dutse, ya kai inda ya yi ta buri amma ƙarfin murna ya ƙare, sai da ya shiga bayan labule ya goge ido da tawul ɗin aski. Don haka duk wanda ya zagi fim ɗin, ji yake kamar shi aka zaga.

Tela kuwa ya tsani Na Biyu tsana mai tsanani, fiye da yadda fim ya cancanta. Wata Asabar yana zaune a benci yana jiran layi, Ganau na yi wa Direba gyaran fuska da reza, sai Tela ya nuna talabijin da haɓa ya ce mutanen da suka yi fim ɗin nan ko nasu na farko ba su kalla ba. A Na Ɗaya kunnen hagu kada ya gutsure. A Na Biyu kuma na dama ne guntu. Ko dai kunnen ya tsiro ne wani kadan ya zo ya ci ɗayan?

Benci ya kwashe da dariya. Ganau ya ɗaga kai ya dubi madubi, inda ya saba kallon talabijin tun da aka kafa ta, ya ga dattijon da guntun kunnensa. Ya dubi hoton talla da ke manne a gefen madubin. Gefe ɗaya, ba ko tantama. Aka ce masa ya juyo ya duba da kyau. Ya juya sau ɗaya, amma wuyansa ba na da ba ne, kafin ya dawo da kallonsa kan hoton, hagu da dama sun riga sun cakuɗe masa. Ya ce shi dai ga abu a gabansa yana gani, kuma in akwai mutum ɗaya a garin nan da ba za a koya wa kunne ba, to shi ne, wanda ya shekara talatin da huɗu yana zagaya kunnuwan mutane da reza bai taɓa yanke ko ɗaya ba.

Tela ya ce a gida ya kalla, da idonsa. Da Ganau ya tsaya nan da an wuce wurin. Amma an yi masa dariya a shagonsa, kuma wanzami ba ya son jarfa.

"Wane idon?" in ji Ganau. "Idon da sai ka kira maƙwabciya ta zura maka zare a allura? Shi ne zai gano kunne daga nesa?"

Wata uku da suka wuce Tela ya gaya masa wannan maganar, su biyu kaɗai, murya ƙasa-ƙasa: idonsa ya fara hazo, yana tsoron ranar da masu kawo ɗinki za su sani. Ko 'ya'yansa bai gaya wa ba. Tela ya miƙe, ya gyara hularsa, ya yi wa mutanen benci sallama ɗaya bayan ɗaya, ya fita ba a yi masa askin ba.

Ganau ya san ya yi ɓarna tun kafin labulen ƙofa ya daina motsi, don magana zarar bunu ce. Sai dai maimakon ya bi abokinsa, sai ya ƙudura a ransa cewa in ya tabbatar wa duniya shi ke da gaskiya a kan kunnen, to rabin laifin ya goge. Haka ya buɗe sabon aiki. Duk wanda ya shigo, sai ya zaunar da shi a kujera, ya tsayar da fim ɗin daidai inda fuskar dattijon ta cika allo, ya ce masa ya dubi nan, ya dubi can, ya faɗi tsakaninsa da Allah. Kuma abin mamaki, duk wanda ya hau kujerar sai ya ga kunnen a gefe ɗaya da na hoton, ya ce lallai Ganau ya yi gaskiya. Da ya sauko ya koma benci ya ɗaga kai, sai ya fara sosa ƙeya. Mai Faci ya sauya ra'ayi sau uku a yini ɗaya. Aka fara raɗe-raɗin cewa ba hujja ke sa mutane yarda ba, rezar da ke kusa da maƙogwaronsu ce. Wasu suka ce kujerar ce ba a banza ta daina juyawa ba.

Shagon ya cika fiye da kowane lokaci. Mutanen da ko gashin kirki ba su da shi suka riƙa zuwa kallon gwaji. Har takarda Ganau ya manna a bango yana ja wa duk wanda ya yarda layi ɗaya. Amma Asabar ta zo ta wuce, wata ta zo ta wuce, Tela bai leƙo ba. Da yamma ta yi Ganau sai ya kama kansa yana kallon ƙofa ta cikin madubi. Labari kuma ya iso masa cewa mutum biyu sun je sun karɓe yadinsu daga shagon Tela, wai sun fasa ɗinkin. A gida ya daina cin abinci sosai, ya koma faɗa da yara a kan ƙarar rediyo. Layukan takarda sun kai arba'in da ɗaya, ko ɗaya bai sa ya ji sanyi a ransa ba.

Ranar Laraba ta mako na bakwai, da hantsi, matarsa ta biyo ta shagon a hanyarta ta zuwa asibiti duba ƙanwarta. Ba ta cika shiga ba, ta ce warin man gashi na sa mata ciwon kai. Ba kowa a benci sai Tica, wani malamin makaranta da ya yi ritaya, yana karanta jaridar shekaranjiya. Ganau ya ga dama ta samu, ya ce ta zauna ta zama ta arba'in da biyu. Ta zauna, ta gyara ɗankwalinta a madubi tukuna, ta dubi dattijon, ta dubi hoton. Sannan ta leƙa bayanta ta dubi talabijin ɗin kanta.

"Maigida, ɗaga hannunka na dama," in ji ta.

Ya ɗaga, da almakashi a ciki.

"To, wancan mai askin na cikin madubi, wanne ya ɗaga?"

Ganau ya tsaya da hannu a sama. Mutumin da ke cikin madubin, in ka ɗauke shi a matsayin wani mai fuskantarka, hagunsa ya ɗaga. Madubi yana juya komai, abin da kowane yaro ya sani. Hoton talla yana kallonsa kai tsaye, fim ɗin kuwa ta madubi yake kallonsa, don haka kuskuren da masu fim suka yi, madubinsa ne yake gyara musu shi kullum kyauta. Shekara talatin da huɗu yana aiki a cikin gilashin nan, har ya manta cewa duniyar cikinsa a juye take. Matarsa ta ɗauki jakarta, ta ce in ya gama sauke hannun ya san inda shagon Tela yake.

Abin da ya ƙara masa zafi shi ne tarin da Tica ya yi a bayan jarida. Da Ganau ya matsa masa, sai ya amsa cewa shi tun mako na biyu ya gane, ya kuma gaya wa Direba da Mai Faci. Sun yi shawara ne suka ga ba kyau a katse wa unguwa nishaɗi, tunda an daɗe ba a samu abin kallo kyauta irin wannan ba. Ganau ya cire takardar layukan daga bango, ya goge reza da ita.

Bai tafi ranar ba, bai tafi washegari ba. Kwana biyu ya yi yana gina wata sabuwar hujja, wai mai yiwuwa masu fim ɗin da gangan suka sauya kunnen don su nuna cewa tsufa yana juya mutum. Ya gwada ta a kan matarsa, ta dube shi kawai ta ci gaba da tsintar shinkafa. Ranar Juma'a da safe ya rufe shago, abin da bai taɓa yi ba sai ranar rasuwa, ya zagaya ta bayan gidan mai.

Ya tarar da Tela a kan keken ɗinki, da sabon tabarau mai kauri a fuska. Shagon ya yi fili, rigunan da ke rataye ba su fi biyar ba. Hularsa ta ɗago sama kamar an cusa mata auduga, furfura ta leƙo ta kowane gefe ta rufe masa kunnuwa. Mako bakwai ba wanda ya taɓa kan nan. Akwai shagon aski biyu tsakanin gidansa da nan, ya wuce su kullum bai shiga ba. Ganin haka ya fi kowane zagi yi wa Ganau ciwo.

Suka gaisa kamar baƙi, aka tambayi iyali, aka tambayi aiki. Sannan Ganau ya ce kunnen dama ne, madubi ne ya yaudare shi. Tela bai ɗago ba, ya ce ya sani, sau tara ya kalli fim ɗin don ya tabbatar. Ganau ya yi lissafi a ransa ya ga ko shi mai kare fim ɗin bai taɓa zama ya kalle shi daga farko har ƙarshe sau tara ba, amma ya haɗiye. Ya ce ba maganar kunne ce ta kawo shi ba, ɗayar ce. Ya ce ya ci amana, kuma ba shi da hujja ko ɗaya. Wannan ne karo na farko a rayuwarsa da ya faɗi haka.

Tela ya tsayar da keken. Ya ce likita ya duba shi, za a yi masa aiki a ido ɗaya bayan wata biyu, kuma da ba a tona shi ba da har yanzu yana ɓoyewa, amma kada Ganau ya kuskura ya ɗauki wannan a matsayin ya yi masa alheri. Ya ce fim ɗin ma ba don rashin faɗa ya tsane shi ba. Ya tsane shi ne don ba ya son a nuna masa dattijon da jikinsa ya daina yi masa biyayya, yana da irinsa a gida, wato shi kansa.

"A gaban mutane ka faɗa," in ji Tela. "A gabansu za ka janye."

Asabar da yamma benci ya cika har da na tsaye, don labari ya riga ya zaga. Ganau ya tsaya a tsakiyar shago da ƙyalle a kafaɗa, ya ce kunnen dama ne, shi ya yi kuskure. Ya ce idon Tela da hazonsa ya ga abin da idanun mutum arba'in da ɗaya suka kasa gani, don haka duk wanda ya karɓe yadinsa ya san abin da ya rage masa. Direba ya sunkuyar da kai, don ɗaya daga cikin yadin nasa ne. Sai kuma Ganau ya ƙara da cewa, ban da maganar kunnen, fim ɗin nan ba a yi kamarsa ba a shekara goma, kuma yana nan a kan bakansa. Tela ya ce shirme ne daga farko har ƙarshe, ya cire hula, ya hau kujera.

Ganau ya ɗaura masa ƙyalle, ya kunna kilifar aski. Wannan karon Tela bai rufe ido ba. Ya gyara tabarau ya dubi madubi, inda dattijon ke zaune a kan dutsensa, ya dubi tsohon hoton da ke gefe, ya sake duban madubin. Ya daɗe yana kallo.

"Ashe daga nan inda kake tsaye, gaskiyarka ce," ya ce a hankali, yadda benci ba zai ji ba.

Ganau ya gyara riƙon kilifar. Ya sa yatsa biyu ya lanƙwasa kunnen abokinsa a hankali, ya fara rage furfurar da ta taru a bayansa.